A Koyar da Yara Asalin Sunan Ikko

Ya Edita,

Na yi maraba da maido da darasin Tarihi a makarantunmu, sai dai ina roƙon a fara da sunayen garuruwa. Yawancin yaranmu a Jos ba su san Ikkon da kakanninsu ke faɗa ita ce Legas ba.

Eko ne tsohon sunan, wanda Hausawa ke kira Ikko. Wasu masana na danganta shi da yaren Bini na mutanen masarautar Benin, ma'ana sansanin yaƙi, domin mayaƙan masarautar sun kafa sansani a tsibirin Legas. Wasu kuma sun ce daga "oko" ne, wato gona, a bakin Yarabawan Awori da suka riga su zama. Legas kuwa laƙabin Turawan Fotugal ne, ma'ana tafkuna, tun kafin Ingila ta karɓe garin a 1861.

Ya kamata hukumar NERDC, mai tsara manhajar makarantu, ta sa ruwayoyin biyu cikin manhaja, kada ta zaɓi ɗaya.

Naku,
Mai karatu daga Jos