Godiya ga Makarantar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST), Kumasi

Assalamu alaikum malamaina da ma'aikatan asibitin dabbobi.

Yaba kyauta tukuici. Ni ɗalibinku ne daga Aboabo, kuma na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'ar Zango.

Ranar da aka fara miƙa mana takardar awon zuciya, wato ECG, ban ga komai ba sai layi mai hawa da sauka, kamar inda kaji suka yi tono. Ba ku ƙosa da mu ba. Kun sa mu ƙirga 'yan gidajen takardar ɗaya bayan ɗaya: idan tana gudun milimita 25 a daƙiƙa, kowane ƙaramin gida daƙiƙa 0.04 ne. Tuddan layin kuma kowane da sunansa: tudun P na ɗakunan saman zuciya ne, QRS na ɗakunan ƙasa, T kuwa shirin bugu na gaba. Tambayar malaminmu Dakta ba ta canjawa: "Kowane P na da QRS a bayansa?" Mun kwantar da karnuka a gefen dama, mun ga bugun yana sauri in sun ja numfashi, yana lafawa in sun fitar, kuka ce wannan lafiya ce ga kare.

Amfanin abin sai ga shi har gida. Ana saura kwanaki Sallah, Baba ya dafa ƙirjin dokinsa ya ji zuciyar tana tsallake bugu. Hankalinsa ya tashi, don dokin nan kamar ɗa yake a wurinsa. Muka kawo shi, kuka maƙala wayoyi a wuya da gefen ƙirji na hagu, sannan Dakta ya miƙo mini takardar a gaban mahaifina, ya ce in karanta. Hannuna na rawa na ƙirga: bugu 32 a minti, sai jefi-jefi P ya zo shi kaɗai babu QRS a bayansa. Na ce doki mai ƙoshin lafiya kan yi haka in yana hutawa, a ɗan sukwane shi mu gani. Aka yi, aka sake awo, tsallaken ya ɓace.

Baba ya dube ni ya ce, "Ashe ka iya." Ya hau dokinsa ranar Sallah.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa makarantar albarka.

Ɗalibinku,
daga Aboabo, Kumasi