Wasiƙar Godiya Ga Ofishin Da Ya Shirya Mana Tafiyar Jirgin Ƙasa A Turai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga shugaban ofis da ɗaukacin ma'aikatansa, musamman masu kula da sashen tikitin jirgin ƙasa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto muku wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin abin da zan gode muku a kai, abu ne da ya kamata duk mai shirin hawa jirgin ƙasa a ƙasar waje ya ji. Yabon gwani ya zama dole. Kun yanka mana tikiti daidai, kun tsara mana lokutan canjin jirgi yadda ba mu yi gudu a ko'ina ba, kuma na gode da wannan. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shawarar da kuka ba mu a kan girman akwati, wadda ba mu nema ba, ba kuma ku ci ribar komai a kanta ba.

Shirinmu shi ne ni da mahaifiyata mu tashi daga Landan zuwa Paris, daga nan Zurich, mu ƙare a Milan, duk ta jirgin ƙasa. Malamar da ta karɓe mu ta gama duba hanyar, sai ta tambaya wa zai ɗauki kayan. Ta juya wajen mahaifiyata cikin ladabi ta ce, "Hajiya, idan babu kowa kusa da ke, za ki iya ɗaga jakarki ki hau matakala uku da ita?" Daga nan ta yi mana bayanin da har yanzu nake maimaita wa mutane. Jirgin sama ne ya saba wa matafiyi da tunanin kilo 23. Yawancin kamfanonin jiragen sama suna yarda da akwati mai wannan nauyi, wanda idan aka haɗa tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa bai wuce santimita 158 ba. Mutum ya miƙa shi a kanta, ba ya sake ganinsa sai ya sauka, shi ya sa ba ya jin nauyinsa a jiki. A jirgin ƙasa kuwa babu wanda zai karɓa. Kai ne ɗan dakon kanka tun daga ƙofar tasha, kai za ka sauka da shi matakala, kai za ka cusa shi ta ƙofar tarago, kai za ka nema masa wuri, sannan ka maimaita duka a kowace tasha da za ka canja jirgi.

Ta kawo mana takardar da ofishinku ya tattara dokokin kamfanoni a ciki, ta bi mana su ɗaya bayan ɗaya. Eurostar, wanda za mu hau daga Landan, yana yarda wa babba da akwati biyu, kowanne kada ya wuce santimita 85 a tsawo, da ƙaramar jakar hannu ɗaya. Bai sa iyakar nauyi ba, sharaɗinsa kawai ka iya ɗaukar kayanka da kanka. Kamfanin jiragen ƙasa na Faransa, SNCF, ya kafa tasa iyakar a watan Fabrairun 2024 a jiragen TGV INOUI da Intercités: manyan jakunkuna biyu masu santimita 70 da 90 da 50, da jakar hannu mai 40 da 30 da 15. Daga watan Satumba na shekarar aka fara cin tarar yuro 50 ga wanda ya saɓa. A Sifaniya, Renfe yana yarda da jaka uku amma nauyinsu duka kada ya haura kilo 25. Har dokar Japan ta nuna mana don mu ga yadda abin yake a wasu wurare: tun watan Mayun 2020, a jiragen Shinkansen na layin Tokaido da Sanyo da Kyushu, akwatin da jimlar awonsa ta wuce santimita 160 sai an kama masa kujera ta musamman mai wurin ajiye kaya, in ba haka ba a biya yen 1,000.

A nan ne na ga bambancin mai sayar da tikiti da mai sanin aikinsa. Da ta tsaya a karanta dokoki, da mun fita da tunanin cewa muna da damar ɗaukar manyan akwatuna huɗu, domin doka ba ta hana ba. Sai ta ce waɗannan lambobi iyakar abin da kamfani zai ƙyale ne, ba su san ƙarfin hannun kowa ba. Ma'aunin da ta ba mu guda uku ne, kuma duk a jikin mutum suke. Ka iya ɗaga kayan sama da kanka, ka iya hawa bene ɗaya da su ba tare da ka ajiye ba, kuma hannunka ɗaya ya zama babu komai a ciki domin riƙe ƙarfen ƙofa ko riƙe wanda kake tare da shi. Wannan na ƙarshen ya shige ni, saboda hannun da ta ce in bari sake, da shi na riƙa kama Hajiya a kowace ƙofar tarago. A kan haka muka tsaya: ni akwati matsakaici ɗaya da jakar goyo, Hajiya ƙaramin akwati irin wanda ake shiga da shi cikin jirgin sama, mai tsawon santimita 55. Wani malami a ofishinku ya ƙara mana da cewa mu auna har da tayoyi da mariƙi, domin wasu masu ƙera akwati jikinsa kawai suke aunawa su rubuta.

Gani ya kori ji. A tashar St Pancras ta Landan ana binciken kaya da fasfo kafin a hau, kuma fasinja ne ke ɗora akwatinsa a kan na'urar bincike da hannunsa. Mun ɗora namu ba tare da neman taimako ba. A cikin taragon, kantocin manyan kaya da ke kusa da ƙofa sun cika tun kafin rabin fasinjoji su shigo, amma akwatin Hajiya ya shiga kantar da ke saman kujera, nawa kuma ya samu wuri a tsakanin bayan kujeru biyu, gurbin da malamar ta ce in duba. Kayanmu na gaban idonmu har muka isa Paris.

Wurin da shawararku ta fi yi mana rana shi ne Paris ɗin. Jirgin Landan a Gare du Nord yake tsayawa, na Zurich kuma daga Gare de Lyon yake tashi, kuma tsakaninsu sai an hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na RER D, tasha biyu. A taswira abu ne ƙarami. A ƙasa kuwa akwai saukowa hawa bayan hawa, akwai ƙofofin tikiti masu matsi da ke rufewa da sauri, akwai cunkoson masu tafiya aiki waɗanda ba su da lokacin jiran kowa. Na ga wani magidanci da manyan akwatuna biyu da yara ƙanana, yana wuce da ɗaya ya ajiye, ya dawo ya ɗauki ɗayan, idonsa rabi a kan kaya rabi a kan yaran. Na tausaya masa ƙwarai, na kama masa ɗaya har bakin dandamali, kuma ban samu ikon yin hakan ba sai don nawa kayan ba su cinye mini hannu biyu ba. Mutumin bai karya dokar kowa ba. Bai dai samu wanda ya yi masa tambayar da kuka yi mana ba.

Sauran tafiyar ta zo da sauƙi. A Zurich mun sa kayan a akwatunan ajiya na tasha muka zaga gari, kuma dukkansu sun shiga ba tare da wahala ba. Jirgin Milan ya bi ta ramin Gotthard mai tsawon kilomita 57, wanda aka buɗe a 2016, Hajiya na zaune hankali kwance tana ta tambayar yaushe za mu fito daga cikin dutsen. A ƙananan tashoshin hanya na lura jirgi ba ya wuce minti biyu ko uku a tsaye, wani lokaci ma bai kai ba. Mai kaya masu nauyi, a cikin wannan ɗan lokaci zai sauke su duka yayin da wasu ke ƙoƙarin shigowa ta ƙofa ɗaya.

Akwai ƙananan abubuwa da kuka faɗa mana waɗanda ban so su ɓace ba. Kun ce mu rubuta suna a jikin kowace jaka, domin a Faransa wajibi ne. Kun ce akwati mai taya huɗu a kwantar da shi idan an ajiye, in ba haka ba zai yi ta yawo a cikin tarago duk lokacin da jirgi ya karya kwana ko ya rage gudu. Kun ce mai taya biyu manya ya fi jure titunan tsofaffin birane da aka shimfiɗa da duwatsu. Kun kuma ce fasfo da magani da tabarau da cajar waya kada su taɓa shiga babban akwati, su zauna a jakar da ba ta rabuwa da jiki. Maganin Hajiya a jakar goyona ya yi tafiyar gaba ɗaya, kuma ko sau ɗaya ba mu buɗe akwati a gaban jama'a muna nemansa ba.

Ina so shugaban ofis ya san irin mutanen da yake da su. Da ma'aikatanku sun bar mu da manyan kaya, da sun sayar mana da hayar mota a kowane birni, mu kuma mu biya muna godiya. Sun zaɓi su zauna da mu, su saurari dattijuwa da haƙuri, su amsa mata tambaya ɗaya sau da yawa ba tare da fuskarsu ta canja ba. Da Hajiya ta nuna damuwa cewa kayan sawarta ba za su isa ba, malamar ba ta yi mata gardama ba. Ta duba masaukanmu ta nuna mata inda za a iya wanki a hanya, hankalinta ya kwanta, ta rage kayan da kanta.

Roƙona gare ku guda biyu ne. Na farko, wannan takarda ta dokokin kaya ku riƙa haɗa ta da kowane tikitin jirgin ƙasa da kuka yanka, ku rubuta ma'aunin nan uku a samanta, kuma ku riƙa sabunta ta tunda kamfanoni na canja dokokinsu. Na biyu, ku ƙara jirgin Haramain na Saudiyya a ciki, wanda ya fara aiki a 2018 tsakanin Makka da Madina, tafiyar kimanin kilomita 450. Dokarsa ta fi ta Turai tsauri: akwati ɗaya mai kilo 25, santimita 65 da 55 da 35, sai jakar hannu. Babban akwatin da jirgin sama ke karɓa ya wuce wannan awo, kuma da yawa daga cikin masu hawa jirgin dattawa ne irin mahaifiyata, waɗanda ya kamata su ji wannan tun kafin su haɗa kaya.

Hajiya ta ce in miƙa gaisuwarta ta musamman ga malamar da ta karɓe mu, tana sa mata albarka. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa ofishinku buɗi da ɗaukaka.

Wassalam.

Naku,
ɗaya daga cikin abokan hulɗarku.