Rahoton Ayyukan Shekara: Gwajin Magungunan Hawan Jini da Lafiyar Ƙoda

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa masu magani.

A taron bara kun ɗora wa kwamitinmu aiki guda: duk jiƙo ko garin da ɗan ƙungiya ke bayarwa don hawan jini, a kai shi gwaji, a san abin da yake yi wa jini da wanda yake yi wa ƙoda. Ga inda aka kwana.

Tun a tattara samfur muka sha darasi. Mun kai ƙulle-ƙullen gari jami'a, masana tsirrai suka ce a dawo da ganye da fure da saiwa, don sau da yawa suna ɗaya kan hau itace biyu. Sai da muka jira damina, muka shiga daji da dattawanmu, muka danne kowane ganye a tsakanin tsofaffin jaridu, aka rubuta sunansa da inda aka ciro shi. Yanzu zoɓo da zogale da shuwaka da tafarnuwa suna matakin farko: a tatsi ruwansu, a ba ɓeraye gwargwadon nauyinsu, sannan a ɗebi jini a duba kiriyatinin, dattin da yakan taru idan ƙoda ta gaza tacewa.

Zoɓo ne ya fi samun shaida tun kafin mu. A 2010 Jami'ar Tufts ta Amurka ta fitar da gwajin mutum 65. Masu shan kofi uku na zoɓo a rana har mako 6, lambar saman awonsu ta sauka da kimanin maki 7. Abin farin ciki ne, amma a lura, zoɓon ba irin na biki ba ne mai tarin sukari, kuma maki 7 ba zai wadatar da wanda awonsa ya kai 180 ba. Don haka muka hana kowa cewa marar lafiya ya ajiye ƙwayoyin asibiti.

Batun ƙoda ne ya fi hana mu barci, domin ita ba ta kuka sai ta kusa ƙarewa. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam sun samu mummunan ciwon ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba mai ɗauke da wata saiwar Sin, wasu har sai da aka yi musu dashe. Saiwar nan dangi ɗaya ce da duman dutse namu. Ranar da aka kawo wannan bayani, wani dattijo ya ɗaga ƙullinsa ya ce daga hannun mahaifinsa ya gaje shi. Mun ji nauyinsa ƙwarai, amma duk wanda ya taɓa raka ɗan uwa wankin ƙoda, ko ya ji halin da mutanen Gashuwa ta jihar Yobe ke ciki na yawan ciwon ƙoda, ya san dalilinmu. An cire duman dutse daga duk abin sha. An kuma cire kanwa daga jiƙon hawan jini, don ita ma kamar gishiri take ɗaga shi.

Mun koya wa mambobi awon jini da na'urar hannu. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 har sau biyu, ko ƙafa ta kumbura, ko fitsari ke kumfa, asibiti za a tura shi. Mun kuma yi awo kyauta a kasuwa ranar 17 ga Mayu, ranar hawan jini ta duniya, da wa'azin rage gishiri ranar 31 ga Agusta, ranar maganin gargajiya ta Afirka.

Rajistar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ce ba mu kai gare ta ba, domin hukumar na buƙatar sakamakon gwajin guba, shi kuma kuɗin ɗakin gwaji ya fi ƙarfin asusunmu. Masu bashin kuɗin wata, don Allah ku ga ma'aji kafin zama na gaba. Masu sabon samfur kuma su zo da itacen ɗanye, kada a daka.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya