Wasiƙa daga Delhi zuwa ga Bashir

Assalamu alaikum Bashir,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da su Hajiya da yara. Ni ma alhamdulillahi, karatu na tafiya, sai zafin Delhi da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

Na ga saƙonka, inda ka ce ka kasa gane kukan mutanen Tibet, tunda China ta kai musu jirgin ƙasa har Lhasa, babban birninsu, tun 2006, ga hanyoyi ga asibitoci. Haka ne, ta yi. Ba na kuma musun cewa tsarin da ke can kafin sojojinta su shiga a 1950 ya danne talaka. Amma ka ba ni aron kunnenka.

Akwai wata unguwa nan bakin kogin Yamuna, Majnu ka Tilla, ta 'yan gudun hijirar Tibet. Lunguna ne matsattsu, an rataya ƙyallayen addu'a masu launi biyar a sama, tsofaffi na zaune suna jan carbi. A bangon wani shago na ga hoton ƙaramin yaro. Sunansa Gedhun Choekyi Nyima. A watan Mayun 1995 Dalai Lama, jagoran mabiya addinin Buddha na Tibet, ya ayyana shi a matsayin Panchen Lama, mutum na biyu a daraja cikin ɗariƙarsu, yana ɗan shekara shida. Bayan kwana uku hukumomin China suka ɗauke shi da iyayensa, daga baya suka naɗa wani yaron. Har yau ba a bar wani mai bincike daga waje ya gan shi ba. Beijing ta ce yana nan lafiya, ya yi karatu, ba ya son a dame shi. To in haka ne, me ya hana ya fito ya faɗa da bakinsa?

Ni da kai ba mu yarda da aƙidarsu ta cewa ran malami yana dawowa cikin jariri ba. Amma jam'iyyar Kwaminis ma ai ba ta yarda da ita ba. Duk da haka a 2007 ta kafa doka cewa ba wanda za a karɓa a matsayin malamin da ya dawo sai da izinin gwamnati, wai don tun 1793 sarakunan daular Qing ta China suka tsara a riƙa jefa ƙuri'a a tulun zinariya wajen zaɓen irin waɗannan malamai. Ka duba fa, wanda ba ya salla shi zai zaɓa wa jama'a limami!

Yanzu maganar ta kai ga Dalai Lama kansa. Tun 1959 yake gudun hijira a Indiya, kuma ya daɗe da barin neman ɓallewa, cin gashin kai yake nema a cikin China. A Yulin 2025, gab da cikarsa shekara 90, ya ce gidauniyarsa ta Gaden Phodrang ce kaɗai za ta gano magajinsa. Nan take Beijing ta ce sai da yardarta. Mutanen unguwar nan tsoronsu a wayi gari da Dalai Lama biyu, ɗaya nasu, ɗaya na gwamnati.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yara. A Fabrairun 2023 ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce kusan yaran Tibet miliyan ɗaya ne ke makarantun kwana na gwamnati, inda kusan komai da Sinanci ake koyarwa. China ta ce nisan ƙauyuka ne ya jawo, kuma ba a tilasta wa kowa. Ni dai na san yaron da ya dawo hutu ya kasa hira da kakarsa an raba shi da abu babba.

Ka rubuto mini ra'ayinka, ko da ba mu dace ba. Ka gaida Hajiya, ka ce ina neman addu'arta, jarrabawa ta matso.

Naka,
Aminu