Rahoton Ayyukan Shekara: Kwasakwasa da Tsibirin Queen Bess

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

Kusan duk aikinmu na bana a gaɓar tekun jihar Luwiziyana ta Amurka ya ƙare, wajen Grand Isle da tsibirin Queen Bess. Sababbin shiga sun sha tambaya me ya haɗa mu da wannan ɗan tsibiri. Magungunan ƙwari irin su DDT ne suka ƙarar da kwasakwasa a jihar nan, har ta ɓace a farkon shekarun 1960, alhali hotonta ne a tutar jiha. A 1968 aka fara kawo 'yan tsaki daga Fulorida, a 1971 kuwa aka ƙirga sheƙa 11 a Queen Bess. Sai teku ta yi ta cin tsibirin, ɗanyen man Deepwater Horizon, dandalin haƙar mai da ya fashe a teku, kuma ya malale shi a 2010. Wurin sheƙa bai fi eka 5 ba lokacin da hukumomi suka ɗebo yashin kogin Misisipi suka cike shi, ya haura eka 30, aka gama a Fabrairun 2020.

Namu aikin tsintar igiyar fatsa ne da robobi, kuma kada kowa ya raina shi. Ni da idona na ga wata kwasakwasa, igiya ta naɗe mata fiffike, ƙugiya ta huda jakar maƙogwaronta, tana ta ja tana ƙara yage kanta. Muka rufe mata kai da tawul, sannan ta natsu, aka yanke igiyar a hankali, aka miƙa ta ga masu jinyar tsuntsaye. Hannuna ya daɗe yana rawa. Tun ranar muke bi wurin masunta muna roƙonsu kada su yar da igiya a ruwa, kuma galibinsu sun karɓe mu hannu biyu.

Mun kuma taya dashen itatuwa masu jure ruwan gishiri, waɗanda tsuntsun ke ɗora sheƙa a kansu.

Inda muka gaza: fita ɗaya ta rushe saboda mai jirgin da muka ba kafin alƙalami bai zo ba, kuma waɗanda ke fitowa aiki sun ragu sosai da zafi ya shigo. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Tunatarwa: a lokacin sheƙa an hana taka tsibirin, daga cikin jirgi ake kallo da madubin hangen nesa. Mai son shiga fitar farko ta baɗi ya ba ma'aji sunansa a taron wata mai zuwa.

Sakataren ƙungiya