Godiya ga Garejin da Ya San Babur Marar Kaca

Assalamu alaikum.

Zuwa ga maigidan gareji da dukkan yaransa,

Na rubuto in yi muku godiya a bainar jama'a, domin "na gode" ɗin da na faɗa a bakin ƙofa ina sanya hular kwano ba ta kai nauyin abin da kuka yi mini ba.

Wannan Moto Guzzi V7 shi ne babur na farko da na saya dal a rayuwata, kuma tun kafin sabis ɗin farko ya zo na fara rasa barci a kan wanda zan damƙa wa shi. Na zaga wurare. Akwai inda bakanike ya tsuguna yana leƙen tayar baya yana neman kaca, da bai gan ta ba sai ya miƙe yana dariya, ya kira abokan aikinsa su zo su ga mota mai ƙafa biyu. Wani ya kasa kunne ya ji ƙas-ƙas ɗin bawul, wato ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi da ke kan injin, nan take ya yanke hukunci cewa sai an sauke inji an buɗe. Sabon babur fa! Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya ce shi ya iya, ya ɗauko galan ɗaya na baƙin mai zai ɗura a inji, ya ɗura a giya, ya ɗura a baya. Da na ce littafin babur ɗin bai faɗi haka ba, sai ya ce mini tun ban san babur ba yake wannan sana'a. Na tura abina na fita. Can kuma aka tabbatar mini cewa babur mai farfela, wato sandar ƙarfen da ke juya tayar baya a maimakon kaca, ba ya buƙatar komai har abada, in hau kawai.

Da wannan zuciyar na shigo wurinku, a shirye nake da a yi musu.

Dattijon nan mai furfura da ke aiki a benci na ƙarshe shi ya tarbe ni, shi ne kuma dalilin wannan wasiƙa. Abin da ya fara cewa shi ne, "Malam, ka samu wuri ka zauna, ba za mu taɓa bawul ba sai injin ya huce sarai." Daga jin haka hankalina ya kwanta rabi, don abin da littafin ya ce ke nan. Kafin injin ya huce ya zauna da ni ya amsa tambayoyin da nake jin nauyin yi. Na ce, "Baba, me ya sa idan na murɗa totur a tsaye babur ɗin yake karkata gefe?" Ya ce ba ciwo ba ne. Sandar da fistin ke juyawa a kwance take daga gaba zuwa baya, shi ya sa silinda biyun suka leƙo hagu da dama, shi ya sa kuma ake jin wannan girgizar. Daga nan ƙarfin ke bi ta giya ya shiga farfela, ya isa akwatin haƙoran da ke jikin tayar baya. Ya ce tsarin ba na jiya ba ne, tun V7 na farko na 1967 wanda Giulio Cesare Carcano ya zana injinsa ake tafe a kansa, a masana'antar Mandello del Lario da ke bakin tafkin Como a Italiya, inda kamfanin yake tun 1921. Ƙarar bawul kuwa ya ce in daina tsoronta, wanda ya yi tsit ya fi ba shi tsoro, don alama ce 'yar tazarar da ake bar wa bawul ɗin ta matse.

Abin da ba zan manta ba shi ne lokacin da ya kwance notin juye na akwatin baya. Bai goge ya mayar a ɓoye ba, kirana ya yi. A kan maganaɗisun notin akwai wani baƙi-baƙin abu mai laushi. Ya lakato da yatsa, ya shafa mini a tafin hannu, ya ce in murza. Sumul yake, babu abin da ke suka. Ya ce haka sababbin haƙora ke yi yayin da suke sabawa da juna, amma ranar da na murza na ji tsinin ƙarfe, kada in ƙara hawa sai an duba. Sannan ya auna man giya a kofin awo kafin ya zuba, bai cika da ido ba. Dalilinsa shi ne idan man ya wuce kima zafi zai turo shi waje, ya tsiyaya inda ba a so, kusa da taya da birki. Ya nuna mini robar da ta rufe mahaɗar farfela ya ce in riƙa dubawa ko ta tsage, ya hana ni harba ruwa mai ƙarfi a wajen idan ana wanki, ya kuma ce duk ranar da aka cire tayar baya a shafa wa haƙoran mahaɗar giris kafin a mayar.

Sauran aikin, juyen inji da tace mai da iskar taya, an yi shi yadda ya kamata. An rubuta komai a littafin sabis, an buga hatimi, an nuna mini tsofaffin kayan da aka cire.

Ni dai har yanzu ina mamakin yadda wannan ya zama abin mamaki. Me ke da wuya a cewa "ban san wannan injin ba, ka kai wa wanda ya sani"? Amma a wurare da yawa faɗin haka kamar zubar da girma ne, gara a gwada a kan dukiyar mutum. Noti a ɗaure shi da ƙarfin tuwo har zaren ya cinye, alhali akwai sifana mai awo da aka yi domin hakan. Littafin da masu ƙera abu suka rubuta ba a buɗe shi, mai tambaya kuma a ɗauke shi mai rainin wayo. Ba a harkar babur kaɗai ba, ka kai waya ko firji gyara ka gani. Sai an karɓi kayanka da fara'a, an lalata, sannan a ce dama can haka ya zo. Yaran da ke koyon aiki a irin waɗannan wurare su nake tausaya wa, don abin da suka gani shi za su ɗauka su buɗe nasu garejin da shi. Naku yaran na lura kowanne da ya gama ɗaure noti sai ya kira Baba ya duba, shi kuma ba ya tsawa.

Maigida, ka riƙe dattijon nan da kyau, ka kuma ba shi lokaci ya koyar. Allah ya ƙara masa lafiya, ya yi wa sana'arku albarka. Sabis na gaba in sha Allahu da sassafe zan kawo babur ɗin, ya samu lokacin hucewa.

Naku,
Mai sabon V7