Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Jarrabawar Ɗamarar Kareti

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya ke da abokan karatunki, ina sanar da ke cewa mu ma nan gida kowa lafiya, mahaifiyarki da ƙannenki duk suna gaishe ki. Saƙonki ya iso, haka ma bidiyon jarrabawar da kika turo. Na zaɓi in ba ki amsa a rubuce ne domin maganar tana da tsawo, kuma na ji a muryarki cewa ranki a ɓace yake, ga shi mai ɓacin rai ba ya riƙe abin da aka faɗa masa ta waya.

Kin ce malaminku ya hana ki ɗamara mai ruwan ƙasa, ya ce ki jira zagaye na gaba, alhali waɗanda kuka fara tare sun wuce, kuma kina son in amince ki koma wani kulob da ya yi miki alƙawarin baƙar ɗamara kafin ki gama jami'a. Amsata ita ce ki zauna inda kike. Ban faɗi haka don in goyi bayan babba a kan yaro ba, sai don na kalli bidiyon a natse, kuma abin da malamin ya gani ni ma na gan shi.

Sashen farko, wato kihon, inda ake duba tushen naushi da shuri da tarewa, kin yi shi da kyau, naushinki ya miƙe, kafaɗunki ba su tashi ba, kuma shurinki na gaba yana dawowa da sauri yadda ake so. Matsalar ta fara ne daga Tekki Shodan, a sashen kata, wato jerin motsin da ake haddacewa a yi shi kaɗai kamar ana faɗa da abokin gaba. Wannan kata gajera ce, motsi 29 ne kawai, ana yin ta a kan layi ɗaya, dama da hagu, cikin tsayuwar mahayin doki da ake kira kiba-dachi, kuma gajartarta ce take yaudarar ɗalibai su ɗauka mai sauƙi ce. Ki sake kallon bidiyon, ki bar kallon hannuwanki, ki dubi gwiwoyinki. Duk sa'ad da kika tsallaka ƙafa ɗaya a kan ɗaya kika sauka, gwiwoyin suna faɗawa ciki maimakon su tura waje, kanki yana hawa yana sauka, kuma kina jefa hannu kafin ki juya fuska inda abokin gaba yake. Hannuwanki suna da sauri ƙwarai, amma ƙugu bai shiga cikin aikin ba, don haka ƙarfin duk a damtse ya tsaya. A tsibirin Okinawa, inda kareti ya samo asali, wannan kata da suke kira Naihanchi ita ce aka daɗe ana ɗora ɗalibi a kanta tun farko, kuma mutanen zamanin da sukan shafe shekara uku a kan kata guda kafin a ƙara musu wata. Ba don rowar ilimi suke yin haka ba, sun san ƙafa da ƙugu ba sa koyon abu da saurin da hannu yake koyo.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da an ɗaga miki ƙafa. Abin da ya kayar da ke shi ne kumite, wato karawa tsakanin mutum biyu. Abokiyar karawarki ta faɗi inda za ta kai hari kamar yadda ƙa'ida ta tanada, ta tako da naushi zuwa fuska, kika tare shi da kyau, sannan kika rama da gyaku-zuki, wato naushi da hannun da ke ɓangaren ƙafar baya. Ramuwar ya kamata ta fita da cikakken ƙarfi ta tsaya daf da fata, amma taki ta wuce, ta sami yarinyar a baki. A bidiyon an ga ta dafe leɓenta, an ga jini a farar rigarta, an kuma ga kin koma mazauninki kina gyara ɗamara ba ki ko waiwaye ta ba. Kin rubuto mini cewa ita ce ta matso da yawa. Ko da hakan ne, auna tazara aikin mai naushi ne, kuma shi ne ainihin abin da ake jarrabawa a wannan mataki. Wadda ta tsaya a gabanki ba ta ɗaga hannu ba ta ba ki amanar fuskarta ne domin ki koyi abu, kuma mai ɗamara ruwan ƙasa shi ake haɗawa da sababbin shiga da ƙananan yara. Malamin da ya san hannunki bai gama jin linzami ba, sannan ya ɗaura miki wannan ɗamara, ya ci amanar iyayen yaran nan.

Kada ki ɗauka wannan tsananin na malaminku ne shi kaɗai. Ranar 7 ga Agusta, 2021, a zauren Nippon Budokan da ke Tokyo, an yi wasan ƙarshe na maza masu nauyin sama da kilo 75 a gasar Olamfik, tsakanin Tareg Hamedi na Saudiyya da Sajjad Ganjzadeh na Iran. Hamedi yana kan gaba da maki 4 da 1 lokacin da ya kai wani shuri sama wanda ya sumar da abokin karawarsa, har sai da aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Alƙalai suka yanke hukuncin cewa shurin ya wuce iyaka, suka soke Hamedi, aka ba wanda ya suma lambar zinare, shi kuwa ya koma gida da azurfa. Mutane da yawa sun yi ta surutu a kan hukuncin, amma ni ina ganin daidai ne, domin wasan da aka amince za a yi ke nan tun kafin a shiga fili. Idan mutum zai rasa zinaren Olamfik saboda ƙafarsa ta zarce, jinkirin 'yan watanni a kan fasa wa 'yar'uwarki leɓe ba zalunci ba ne. A wannan rana dai Feryal Abdelaziz ta ci zinare a rukunin mata masu nauyin sama da kilo 61, ta zama mace ta farko daga Masar da ta taɓa cin zinaren Olamfik. Ki nemi bidiyon wasanta ki ga yadda take jira, da yadda take janye hannu da zarar ya isa.

Ita kanta ɗamarar da ta hana ki barci, yana da kyau ki san daga ina ta fito. Tsofaffin malaman Okinawa ba su san ta ba. Jigoro Kano, wanda ya kafa makarantar judo ta Kodokan a 1882, shi ne ya shigo da tsarin matakan dan, wato matakan baƙar ɗamara, cikin wasannin faɗa na Japan. Da Gichin Funakoshi ya je Tokyo a 1922 domin nuna kareti, sai ya ari farar rigar 'yan judo da tsarin ɗamararsu domin wasan ya karɓu a makarantu da jami'o'i, kuma a 1924 ya fara ba wasu ɗalibansa matakin dan na farko. Launukan nan masu yawa, rawaya da ruwan lemo da kore da sauransu, daga baya suka zo, kuma a Turai suka fi bazuwa, domin a ƙarfafa wa ɗalibi gwiwa ya riƙa ganin ci gabansa. Shi ya sa launi ɗaya yakan zama mataki daban daga wannan ƙungiya zuwa waccan. Ɗamarar ba ta da wani ƙarfi a karan kanta, kowa da kuɗinsa zai iya sayo baƙa a kasuwa yau ya ɗaura. Darajarta duka tana ga gaskiyar wanda ya ba da ita, wato shaida ce ya yi cewa ya gwada ki ya gamsu. Kin yi makarantar allo, kin san malamin da yake barin yaro ya wanke allonsa bai iya biyawa ba, yaransa sukan riga kowa sauka, amma ranar da aka ce su ja baƙi a gaban jama'a ake gane abin da ya yi musu.

Wannan ne ya sa alƙawarin wancan kulob bai kwanta mini ba. A inda ake bin ƙa'ida, ɗalibin da yake zuwa atisaye ba fashi yakan kai shekara uku zuwa biyar kafin a gwada shi a baƙar ɗamara, kuma ke a gabanki akwai matakai uku na ruwan ƙasa, ga katar Bassai Dai da ba ki ko fara ba. Mutumin da bai taɓa ganin tsayuwarki ba, amma har ya yanka miki ranar samun baƙar ɗamara, kuɗin jarrabawa yake lissafawa. Idan wata rana dalili ya sa dole ki canza kulob, kamar a tura ki hidimar ƙasa wani gari, ki tambayi malamin wa ya koyar da shi, wace ƙungiya ce ta ba shi takardar shaidarsa, ko ɗalibansa suna fita gasa su gwada kansu da na wasu, kuma ko an taɓa kayar da wani a jarrabawarsa. Malamin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Kafin duk wannan ma, ki zauna a gefe ki kalli yadda manyan ɗalibansa suke mu'amala da ƙanana, domin a nan halin gidan yake bayyana.

Lokacin da nake saurayi ina wannan wasa, a kan siminti muke yi, cikin wani zaure da sai mun share shi da hannunmu kafin a fara, kuma da sanyin hunturu tafin ƙafa yakan tsage har ya riƙa barin alama a ƙasa. Akwai wani babban ɗalibi a cikinmu, makaniki ne, yakan zo da baƙin mai a ƙarƙashin farcensa, sai ya tsaya a bakin famfo ya goge shi tas ya yanke farcen kafin ya sa riga, don kada ya yagi wani. Naushinsa yakan taɓa rigar mutum har a ji ƙararta, amma ban taɓa ganin ya ji wa kowa ciwo ba, kuma sababbin shiga rububin haɗuwa da shi suke yi. Irin hannun da nake so ki samu ke nan.

Sauran abubuwan zaman kulob kin san su, tuni kawai nake yi. Ki riƙa isa da wuri, rigarki a wanke, ki cire zobe da 'yan kunne da duk wani fil da ke jikin ɗankwalinki, ki biya kuɗin wata a kan lokaci, domin da shi ake biyan hayar wuri. Idan an ba ki yara ki koya musu Heian Shodan, katar masu farawa, kada ki ga an rage miki matsayi, gyaran tsayuwar wani yakan nuna wa mutum karkatar tasa. Maganar jarrabawar nan kuma kada ki kai ta zauren WhatsApp na kulob, kada ki biye wa masu zuga ki cewa an yi son kai. Ki sami malamin bayan atisaye, cikin ladabi, ki roƙe shi ya faɗa miki abubuwan da zai duba a zagaye na gaba, ki rubuta su.

Game da gaisuwar da ake yi a farkon atisaye da ƙarshensa, matsayina bai canza ba. Girmama malami da abokin karawa wajibi ne, amma kai goshi ƙasa ko sunkuyawa irin ta ruku'u ba a yi wa kowa sai Allah, don haka ki tsaya a kan miƙewa cikin natsuwa da ɗan alamar girmamawa, kamar yadda kuka daidaita da malamin tun farko. Suturarki ma kada ki yarda wani ya ce miki ita ce cikas, domin hukumar kareti ta duniya ta amince wa mata su rufe kansu a gasa tun 2013. Ki ci gaba da neman a haɗa ki da mata a kumite, kuma kada atisaye ya ci miki sallar magariba. Idan azumi ya zo, ki mayar da hankali ga kata da miƙe jiki, ki bar aiki mai nauyi sai bayan buɗa-baki.

Abu ɗaya da ba na son ki yi wasa da shi shi ne bugu a kai. Duk ranar da aka same ki a kai kika ji jiri, ko amai, ko ganinki ya dushe, ki daina nan take ki tafi asibiti, kada ki koma fili sai likita ya yarda, ko da gasa ce a gabanki. Robar kare haƙora kuma kada ta bar jakarki. Idan jarrabawar makaranta ta matso, ki rage zuwa atisaye ba tare da jin nauyin kowa ba, domin karatu ne ya kai ki can.

Kafin ki sake sa rigar atisaye, ki je ɗakin yarinyar nan da kika fasa wa leɓe da ƙafarki, ki duba ta, ki ba ta haƙuri ba tare da kin ambaci cewa ta matso ba, in kuma ta sayi magani ki mayar mata da kuɗinta. Na sa an tura miki kuɗin wata da na wannan hidima. Idan ta amince, ki roƙe ta ta zama abokiyar atisayenki har zuwa jarrabawa ta gaba, ku riƙa ware ɗan lokaci bayan an tashi kuna auna tazara a hankali kafin ku ƙara sauri. Ki sa a ɗauki Tekki Shodan ɗinki daga gefe da kuma daga gaba nan da ƙarshen wata ki turo mini, ina son in ga gwiwoyin nan.

Mahaifiyarki ta ce ki kira ta ranar Juma'a bayan la'asar. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki, Ya ba ki nasara a karatunki.

Wassalam.

Naki,
Babanki